Sayen Manhaja Daban, Riƙe Ta Daban

A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Sudan. Manoman riɗi da dawa a Basunda da sauran yankunan Gadarif suka wayi gari kuɗinsu na maƙale cikin Bankak, manhajar Bankin Khartum. Ga hatsi, ga mai saye, babu ciniki.

Manyan na'urorin kamfanonin suna Khartum, inda yaƙi ya ɓarke tun 15 ga Afrilun 2023. Sudani ya riga sauran dawowa bayan ya kafa wata cibiya a Port Sudan, aikin da sai da ma'aikatan da suka san cikin na'ura.

Mu duba gida. Kwamitocinmu na zakka da Islamiyyu sun fara sayen manhajar lissafi, amma mabuɗin yana hannun ɗan kwangila ko yaro guda. Ranar da ya yi hijira, rajistar marayu ta bi shi. Ayar bashi a Suratul Baƙara marubuci adili ta ɗora wa nauyi, ba alƙalami ba. Muna ganin kowane kwamiti ya horar da mutum uku nasa, har da mace saboda sashen zawarawa, a kuma riƙa buga kwafin takarda duk wata ana ajiyewa wurin ma'aji.