JAMB: Wane darasi ya kamata mai neman karatun likita ya fara da shi?

Duk shekara da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, dubban ɗalibai kan zaɓi karatun likita a jami'o'i irin su ABU Zariya, BUK da Jami'ar Maiduguri. Darussan da za su rubuta sanannu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanne za a fara karantawa, wanne za a bari sai jarrabawa ta matso.

Akasari da Bayoloji ake farawa, domin shi ya fi kama da likitanci, kuma ana iya karanta shi ko a kwance. Sai dai JAMB ba ta fifita shi ba. Kowane darasi maki 100 ne, jimilla 400. Wanda ya ci 80 a Bayoloji ya tashi da 35 a Fiziks ya yi asarar da haddar sassan jiki ba za ta cike ba.

Ga kuma gasa. A sakamakon farko na jarrabawar 2025, fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna ba su kai maki 200 ba. Su ma waɗanda suka haura ba su tsira ba, tunda majalisar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka.

A ganina, Kemistiri ya kamata ya zo farko. Darasi ne mai hawa-hawa: wanda bai gane tsarin ƙwayar zarra da daidaita lissafin haɗa sinadarai ba, duk abin da ya biyo baya zai zame masa hadda kawai. Sannan yana share wa Bayoloji hanya. Yadda jiki ke sarrafa abinci ya samar da ƙarfi, ko yadda ganye ke amfani da hasken rana, duk harkar sinadarai ce.

Fiziks ya biyo baya nan da nan, ko ma a haɗa su. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Da yake ba a rubuta Lissafi a JAMB ta masu neman likita, wasu sukan ajiye shi tun bayan WAEC, alhali kanikanci da lantarki ba sa tafiya sai da shi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Saurin warware lissafi a irin wannan lokaci sai an yi watanni ana gwaji, ba a samunsa a makon ƙarshe.

Shi kuwa Bayoloji, mafi yawansa tunawa ne, abin da aka haddace da wuri kuma yakan gudu. Gara a riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan, a ba shi ƙarfi a makonni shida na ƙarshe. Turanci ba ya shiga wannan layi: tambayoyinsa 60 ne, sauran 40-40, don haka kullum sai an duba shi, har da littafin da hukumar ta sa a karanta.

Tsarin ba zai yi wa kowa daidai ba. Ɗalibin da ya gama sakandare a makarantar da ba ta da malamin Fiziks, kuma irinsu suna da yawa a karkara, da Fiziks ɗin zai fara. Kafin ya tsara jadawali, ya ɗauki tambayoyin shekara guda da suka gabata, ya sa agogo ya amsa, darasin da ya fi faɗuwa a ciki shi zai ba wa watan farko.