Magen Titi a Potiskum: Guba da Buhu Ba Su Ne Magani Ba

Garin da arzikinsa ya ginu a kan hatsi da dabbobi ba ya rasa ɓera, kuma duk inda ɓera ya yawaita mage ba ta jiran gayyata. Potiskum, wadda kasuwar shanunta ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma kasuwar hatsinta ke cika manyan motoci da gero da dawa da wake zuwa kudancin ƙasar nan, tana da duk abin da mage marar ubangida ke buƙata: rumbunan ajiya, da mahauta, da teburan masu tsire da masu kifi, da juji a bakin lunguna. Saboda haka kukan da ake yi a unguwanni irin su Dogo Nini da Dogo Tebo da Yerimaram, na cewa muzuru ya ƙarar da 'yan tsaki, ko mage ta haihu a cikin silin, ko ta buɗe tukunyar miya da dare, kuka ne mai tushe, sai dai maganin da aka saba yi masa shi ne bai dace ba.

Wajibi ne a bambanta iri biyu da ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai magen da ta tashi a hannun mutane sannan aka yar da ita ko ta ɓata, wadda ba ta gudun ɗan Adam kuma za ta iya komawa zaman gida. Akwai kuma wadda aka haifa a kango ko a bayan shago, ba ta saba da hannu ba a makonninta na farko, wadda da wuya ta taɓa sabawa. Ta biyun ce ke yin yawancin ɓarnar akurki, amma daga ta farkon take samo asali, domin mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin nata bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa kimanin 'ya'ya huɗu. Ashe magidancin da ya ɗaure mage da 'ya'yanta a buhu ya sa yaro ya kai su bayan kasuwa bai rage komai ba, iri ya kai wa wata unguwa.

Guba ta fi buhu muni. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera ba ya zaɓen mai ci, yana kashe kazar maƙwabci da karen gadi da angulu, yana kuma zama haɗari ga yaro mai rarrafe a tsakar gida. Ko da an yi sa'a ya sami wadda aka nufa, gurbin ba ya daɗewa a buɗe, saboda yawan maguna a wuri yana bin yawan abincin da ke wurin ne, don haka da zarar an kawar da na farko sai na maƙwabta su matso, su hayayyafa, a koma gidan jiya. A fuskar addini kuwa maganar ba ta da rikitarwa ga al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne: Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare mage har ta mutu da yunwa, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hadisin da ke nuna mage ba najasa ba ce. Malamai sun yi bayani kan kawar da dabba mai cutarwa idan babu wata hanya, amma babu wanda ya halatta a azabtar da ita, kuma mutuwar guba azaba ce mai tsawo.

Akwai kuma dalilin da ya sa Potiskum ba za ta so ta wayi gari babu mage ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani ƙaramin ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga ɗakunan ajiya, kuma Jihar Bauchi da ke maƙwabtaka da Yobe tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ajiye mage cikin matakan kariya, tare da rufe hatsi a mazubin da ɓera ba ya hudawa da kai shara nesa da gida. Sai dai bai kamata a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba, domin wani bincike da aka wallafa a 2018 kan wata ma'ajiyar shara a Brooklyn ta Amurka ya nuna cewa a cikin kwana 79 maguna sun kashe manyan ɓeraye biyu kacal. A gaban ƙaton ɓeran kwata, mage ta zama kyanwar Lami. Ƙananan na rumbu ne take iyawa da su.

Cutar da mage ke yaɗawa wadda ta fi shafar garin makiyaya kuwa ba a cika ambatonta ba. Toksoplasma wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda a cikin hanjin mage kaɗai take kammala rayuwarta, sannan ta fito a kashinta, ta zama mai kamuwa bayan kwana ɗaya zuwa biyar. Tana iya illata jaririn da ke cikin mace, tana kuma cikin sanannun abubuwan da ke sa tumaki da awaki yin ɓari, wanda ke nufin magen da ke kashi a cikin dusa ko harawa ko ƙaiƙayin da aka tara wa dabbobi na iya jawo wa mai kiwo asarar da ba zai taɓa danganta ta da ita ba. Kwashe kashin kullum, da rufe abincin dabbobi, da hana mai juna biyu yin wannan aikin da hannu, sun isa su rage haɗarin sosai. Ciwon haukan kare ma mage na iya ɗauka, duk da cewa kusan dukkan mutanen da ke kamuwa daga kare suke samunsa, don haka cizo ko yakushin magen da ba a san ta ba yana buƙatar wanki da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti.

Hanyar rage yawan maguna da birane irin su Santambul da Rum suka bi ita ce a kama magen da tarko, likita ya yi mata aikin hana haihuwa, a yi mata allurar rigakafi, a mayar da ita inda take, don ta ci gaba da tsare wurin ba tare da ta ƙara yawa ba. Italiya ma ta sanya wannan a doka tun 1991. Za a ce wannan shagalin ƙasashe masu kuɗi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda aikin mace tiyata ne da ke buƙatar maganin barci da ƙwararren likita, kuma ba ya tasiri sai an yi wa mafi yawan magunan unguwa. Amma abin mamaki ne a ce garin da kowane mai kiwo ya san amfanin fiɗiye rago da dandaƙe bajimi, garin da likitocin dabbobi ke zirga-zirga a kasuwarsa, bai cika ɗaukar wannan ilimin ya kai kan muzuru ba, alhali fiɗiyayyen muzuru yana rage yawo da faɗa da kukan dare da fitsarin da yake yi wa bango.

Abin da ke hannun magidanci bai kai wannan tsada ba: ya sa wa akurki da ɗakin tantabaru ragar waya, ya toshe ramin silin, ya daina zubar da ƙashi da kan kifi a bayan katanga, kuma idan zai ciyar da mage ya ɗauke kwanon bayan ta gama. Sauran aikin na hukuma ne. Ya kamata ƙaramar hukumar Potiskum da sashen kula da lafiyar dabbobi na Jihar Yobe su fara da mahauta da kasuwar hatsi, su tsara kwashe shara a kan kari, su kuma ware rana, ko da 28 ga Satumba ce da duniya ke tunawa da ciwon haukan kare, wadda za a yi wa karnuka da maguna rigakafi da fiɗiya a farashi mai sauƙi, tare da sa masu unguwanni da limaman Juma'a su sanar da jama'a tun kafin ranar ta zo.