Jama'ar Kano, Mu Tambayi Kuɗin Kula da Wuraren Shaƙatawarmu

Jama'ar Kano, Gidan Zoo da marigayi Gwamna Audu Bako ya bar mana namu ne. Filayen wasa da ƴan lambunan da suka rage a cikin birni ma namu ne. Da kuɗinmu ake share su, da kuɗinmu ake ba itatuwansu ruwa. To wa ke yin aikin, kuma nawa yake ci?

Ana yawan ce mana kwangila ta fi araha, wai ba albashi ba fansho. Mu duba da kyau. Duk kwangilar da aka bayar, akwai ribar ɗan kwangila a cikinta, akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ake biya tun 2020. Wani ma yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami ya sayar da aikin ga wani, shi kuma ya ɗauko leburori ya biya su abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Kafin kuɗin ya iso ga mai riƙe da tsintsiya, ya riga ya zagwanye. Ranar da wa'adin kwangila ya ƙare, ciyawa ba ta daina tsiro ba, dabbobi ba su daina jin yunwa ba.

Shara, ban ruwa, yankan ciyawa da ciyar da dabbobi aiki ne na kullum. A ba ma'aikatan dindindin da suka san kowace bishiya, waɗanda za a iya kira da suna idan aiki ya lalace. Amma a tantance su, a cire sunayen bogi, a ba su kayan aiki a kan lokaci, kada injin yankan ciyawa ya yi wata uku yana jiran sa hannu a fayil.

Haƙa rijiyar burtsatse ko gina katanga, wannan a ba da kwangila, a fili, da gasa.

Ƙungiyoyin unguwanni, matasa masu buga ƙwallo, iyaye masu kai yara yawon sallah, ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi. Ku rubuta wa ɗan majalisarku. Ku nemi a kafa allo a ƙofar kowane wurin shaƙatawa, a rubuta wanda ke kula da shi da abin da ake kashewa a shekara.