La'adar Dillalin Mai Saye, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yadda ake cinikin sa. Dillali yana tsakani, an sallama, an ba shi la'adarsa nan take, kowa ya kama gabansa. Wannan al'ada ce mutanenmu suka ɗauko suka kai cinikin gida, inda kuɗi ya fi yawa, rigima kuma ta fi daɗewa.

Mutum a Gumel ko Gagarawa sai ya yi niyyar sayar da gidansa da kansa, don kada ya biya kowa. Kwatsam sai ga dillali ya zo da mai saye. A daidaita, a ƙirga kuɗi, sa'an nan dillali ya miƙo hannu wajen mai gida, shi kuwa ya ce bai aike shi ba. In gidan na naira miliyan 6 ne, misali, aka ce biyar cikin ɗari, naira 300,000 ke nan. Malamin makaranta ya san wata nawa zai yi kafin ya tara wannan.

A ganinmu wanda ya sa dillali aiki shi ne zai biya shi, sai fa in mai gida ya yarda da bakinsa tun farko. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa ladan ju'ala sai an san adadinsa tun kafin aiki, ba ya kuwa wajaba sai aiki ya kammala. Ko a Amurka, bayan doguwar shari'a, tun watan Agusta na 2024 yawancin dillalan masu saye sai sun rubuta yarjejeniya da mai sayen kafin su zagaya da shi gida.

To, akawuna da malaman makaranta, ku ne maƙwabta ke nema ku rubuta musu takardar ciniki, daga Gumel har ƙauyukan Sule Tankarkar. Kafin dillali ya wuce zaure, a rubuta wa ya aiko shi, nawa ne la'ada, daga aljihun wa za ta fito. Har wa yau a rubuta lokacin biya, domin dokar ƙasa ta 1978 ta ce sayarwa sai da amincewar Gwamna ko ƙaramar hukuma, ciniki kuwa yakan wargaje a nan. Kada a ba da la'ada a kan kafin alƙalami. Dillali ya sa hannu, mai unguwa da shaidu biyu suna zaune.