Wanda ya zaɓi mahaukaci

A makon jiya na zauna da wasu samari a wata fada da ke kan hanyar gada, nan Gaya, suna shirin wasan kwaikwayo a kan rufe iyaka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa mu da Malanbil, don haka ba a sha wahalar neman labari ba. Ga ɗan duwan, ga mai kwale-kwale, ga hajiyar da kayanta suka maƙale a ƙetaren kogi, ga ɗan kabu-kabu mai bin hanyar Kamba. Kowa ya ɗauki nasa. Sai wani dogon yaro ya ce shi a mahaukaci zai fito.

Kafin a sauke shayi na biyu, wasa ya watse. Hajiya na tsakiyar roƙon ɗan duwan, mahaukaci ya faɗo ya fizge mata gyale. Mai kwale-kwale ya buɗe baki zai faɗi kuɗin fito, mahaukaci ya rufe shi da ihu. Da aka yi masa magana sai ya ce, "To ai mahaukaci ne, haka zai yi."

Wannan amsa ta tuna mini da wani wasa na Amurka, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Ana zagaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya zaɓi abin da zai zama. Da farko zaɓi uku ne: mayaƙi, ko matsafi, ko malamin addini. A 1975 aka ƙara ɓarawo. Tun daga nan masu wasan ke kuka da abokin da zai ɗauki ɓarawo, ya bar dukiyar dodanni ya koma yanke aljihun abokan tafiyarsa, in an tanka ya ce halin ɓarawo ke nan. Shekara 50 ana wannan gardama, kuma kalmomin ba su bambanta da na dogon yaronmu ba.

Shugaban fadar ya yanke hukunci nan take: a soke mahaukaci. Ni ban goyi baya ba. Wasan iyaka da babu mai faɗin abin da kowa ke tsoron faɗa, lami ne. Mahaukaci kaɗai zai iya tsayawa gaban mai kaki ya tambaye shi nawa ya tara yau, jama'a su yi dariya, a tashi lafiya. Kuma wanda aka hana hauka, in dai neman a kalle shi ne ya kawo shi, ko liman ka ba shi zai ɓata maka sahu.

Magabatanmu a wannan sana'a sun san haka. Ƙungiyar Yazi Dogo, ɗan Dogon Dutsi da ya yi suna a Damagaram, da ƴan wasan samariya na zamanin Seyni Kountché, ba rubutaccen zance suke haddacewa ba. Zama ake yi a daddale ƙashin labari, a san inda kowane fage zai nufa, sannan kowa ya zuba nasa gishirin. Turawa masu wasan tebur ma yanzu suna ware zaman farko kacokan don wannan: me aka yarda a yi wa juna, me aka hana. Samarinmu sun tsallake wannan zama ne, suka tafi kai tsaye rabon riguna.

Da suka nemi bakina, tambaya ɗaya na ce a yi wa yaron, a gefe, ba gaban mutane ba: me ya haukata mahaukacin naka? Ya yi shiru, ya ce bai taɓa tunani ba. Can ya ce wataƙila direban tirela ne da motarsa ta yi watanni a layi har ya karye. Na ce to, direba ya san hajiya, shi ya sha ɗauko mata kaya daga Kwatano, ba zai taɓa gyalenta ba. Da wa yake da ƙulli?

Sun ba shi shiga biyu, duka a fagen ɗan duwan. Ya yi ƙunƙuni, ya ce uku yake so. Ranar Asabar za su sake gwaji, kuma na ji hajiya ta ce za ta zo da gyale mai fil.