Garin Neman Ƙiba: Masu Huda Salansar Babur A Madawa, Buza Da Keita

Duk wanda ya taɓa kwana a Madawa, ko ya tsaya bakin tashar Buza da hantsin ranar kasuwa, ya san wannan ƙara. Tun abin bai ɓullo ba ake jin sa, har a yi zaton wata babbar mota ce birki ya tsinke mata. Can sai ga ɗan ƙaramin babur mai inji cc 110, da saurayi kwance a bisansa. An huda masa salansa, an zare soson matatar iska an jefar, an ce wai an "buɗe" shi don ya ƙara gudu. Al'adar ta bazu daga garuruwa zuwa ƙauyukan Adar, har ta kai wasu samari ba su yarda sabon babur ya yi mako guda a hannunsu bai je garaji an yi masa wannan aiki ba.

Abin da ake samu a wannan ciniki ƙara ce kurum. Ƙarfin da aka je nema ba ya zuwa, ko kuma ya zo kaɗan ƙwarai, sannan mai babur ya shiga biyan bashin a gidan mai da wurin makaniki. Maganar ta shafi 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kai tsaye, domin da yawa daga baburan kabu-kabu nasu ne: sun saya sun damƙa wa yara bisa sharaɗin kawo kuɗin yini. Sauran kuwa na malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiya, da malaman gona, waɗanda suka ci bashi suka saya don su riƙa isa wurin aiki. A gundumomin nan uku babur ne ke fito da albasa daga fadamar Tarka, shi ke kai mai naƙuda gidan likita, shi ke kai malami gari ya karɓi albashi. Lalata irin wannan kadara da gangan ba ƙaramar magana ba ce.

Adalci ne a fara da hujjar masu yin abin. Suna cewa baburan da ake kawowa ba su da ƙarfin hawan duwatsun Keita da Buza da mutum biyu da buhu. Suna cewa ƙarar tana gargaɗin mai tafiya ƙasa da dabbobi. Suna kuma cewa bayan an cire soso babur yakan saki jiki. Akwai gaskiya a cikin wannan na ƙarshe: soson da ya yi wata uku ba a wanke shi ba ya toshe, inji na shaƙewa, kuma ranar da aka zare shi dole a ji sauƙi. To amma maganin hanci da ya toshe ai ba yanke shi ba ne.

Ita kanta dabarar aro ce. A Faransa da sauran ƙasashen Turai doka ta hana ƙananan babura masu inji cc 50 wuce kilomita 45 a awa, saboda haka kamfanoni ke sa musu takunkumi tun daga masana'anta. Samarin can sukan cire shi a ɓoye, abin da Faransawa ke kira débridage, wato cire linzami, kuma laifi ne a dokarsu. A can akwai linzamin da ake cirewa, shi ya sa gudun ke ƙaruwa a zahiri. Baburan China da Indiya masu cc 100 zuwa 125 da suka cika kasuwannin jihar Tawa ba a yi musu wannan takunkumi na kilomita 45 ba. Abin da makaniki ke zarewa a cikinsu kayan aikin inji ne, waɗanda aka auna sauran sassan a kansu.

A duba ɓangaren iska. Injin fetur na buƙatar kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, idan aka auna da nauyi. Ma'ana, kafin lita guda ta ƙone sai inji ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Kabureta ce ke haɗa su, kuma an daidaita ƙaramar ƙofar da mai ke fitowa ta cikinta, wadda littattafan Faransanci ke kira gicleur, daidai da jan da matatar iska ke haifarwa. In aka cire matata, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta ƙara zafi. Waɗannan injuna kuwa iska ce kaɗai ke sanyaya su, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Daga nan sai bawul ya ƙone, ko kan fistan ya soma ci. Makanikin da ya lura da haka yakan ɗauki allura ya faɗaɗa ƙofar man da ka, ba awo. Sai al'amarin ya juya: mai ya yi yawa, buji ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa tun ba a kai inda aka saba kaiwa ba.

Babbar ɓarnar ma tana wajen ƙura. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin jar ƙasa cike take da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. In ya shiga ya gauraya da baƙin mai sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin zobban fistan da bangon silinda a kowane juyi, sau dubbai a minti guda. Alamar ba ta ɓoyuwa: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, wuyar tashi da safe. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da iska da ƙura ke iya yi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska daga gonaki. Daga 1984 kuma aikin raya karkara na Keita, da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya sa dubban mutane, akasarinsu mata, suka yi ta jera duwatsu da dasa itatuwa don riƙe ƙasa. Abin mamaki ne jikokin waɗanda suka yi wannan wahala su zo su cire shinge ɗaya tak da ke tsakanin ƙura da cikin injinsu.

Sai ɓangaren hayaƙi. Mutane da yawa sun ɗauka salansa gwangwani ce da aka rataya don rage ƙara. A injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin na Mobylette da Yamaha Mate da ma'aikata suka hau a shekarun baya, salansa tana cikin abin da ke ba da ƙarfi. Wani injiniya na Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a kan wannan a shekarun 1950: ya gano cewa in aka auna tsawon bututun da faɗinsa daidai, bugun hayaƙin kan dawo ya mayar da sabon man da ke shirin tserewa cikin silinda. A 1961 injinsa na cc 125 ya kai ƙarfin doki 25. A shekarar ne matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki, ya ci gasar duniya ta cc 50 a 1962. Wato gyaran salansa na iya ƙara ƙarfi, amma da lissafi da gwaji na shekaru. Wanda ya sa ƙusa da guduma ya huda ta, lissafin ya rushe. A injunan yau masu zagaye huɗu ɓarnar ba ta kai haka ba, sai dai sau da yawa babur yakan rasa ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wanda shi ne ainihin abin da mai hawan tudu da kaya ke buƙata.

A ƙaddara ma aikin ya yi kyau, ƙarfi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, abin da da wuya a samu ta wannan hanya. Iskar da ke tokare babur tana da nata hukunci: wanda ke son ninka gudunsa sau biyu sai ya ninka ƙarfin injinsa kusan sau 8. Don haka ƙarin kashi 10 na ƙarfi bai wuce ƙarin kashi 3 na gudu ba. Mai yin kilomita 80 a awa zai koma 82 ko 83. Kunne ne ke yaudarar matuƙi, yana jin ruri yana zaton tashi yake. Birki da tayoyi kuwa suna nan yadda suke, alhali tazarar tsayawa tana ninkuwa sau 4 duk lokacin da gudu ya ninka sau 2.

Sai batun aljihu, wanda ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kai. Dattawan makanikai ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, babura da yawa suka kwanta a zaure. Zuwan baburan China masu araha a shekarun 2000 ya sa aka manta da wannan darasi, musamman da yake man ruwa-ruwa na tsallakowa daga Najeriya a farashi mai sauƙi. Wannan zamani ya wuce ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Jama'ar bakin iyaka suka koma gidajen mai, nauyin ya hau kan matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini. A Yulin 2024 gwamnati ta rage litar fetur zuwa sefa 499, amma a Maris ɗin 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai a faɗin ƙasa. A irin wannan hali, baburin da ke shan ƙarin rabin lita a yini yana cinye wa mai shi fiye da jikka 7 a wata, ban da kuɗin buɗe inji kafin lokacinsa. Yaron kabu-kabu ya sha ƙararsa, mai babur ya biya.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ƙa'idojin lafiyar ma'aikata a ƙasashe da dama sun ɗauki desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar da kunne ke fara lalacewa daga gare ta, kuma matuƙin da ke wuni bisa hudaddiyar salansa shi ne na farko da zai kurumce. Bayansa sai mara lafiya a gadon asibiti, da ɗalibai a aji, da masu salla. Hujjar gargaɗin mai tafiya ƙasa ba ta tsayawa, tunda don haka aka yi oda. Ya kamata kuma masu sana'ar su tuna cewa babur ya riga ya zama abin zargi a idon hukuma: an hana hawansa a jihar Diffa a 2015, an kuma hana a jihar Tillaberi a Janairun 2020, duka saboda tsaro, kuma dubban masu neman halak ne suka rasa abinci. Gundumar Madawa tana bakin iyakar da 'yan bindiga suka addaba. Sana'ar da ke cikin wannan hali tana buƙatar jama'a su tsaya mata ranar da magana ta taso, kuma ba a samun wannan ta hanyar hana su barci.

Mai son baburinsa ya ja, hanya a buɗe take, kuma ta fi araha. A wanke soson matata a kai a kai, musamman da hunturu, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse kafin a mayar. A sauya baƙin mai kan lokaci. A daidaita tazarar bawul, a ɗaure sarƙa daidai, a duba iskar taya. A tace man kwalba kafin a zuba. Mai tsohon injin gauraye ya riƙa ƙone dattin da ya taru cikin salansa. Mai hawan duwatsu da kaya kuwa ya sa a ƙara masa haƙora biyu ko uku a farantin sarƙa na baya: gudun ƙarshe zai ɗan ragu, jan zai ƙaru, inji bai cutu ba. Wanda ya nace sai ya sauya matata, to ya sa babba mai soso, a sauya ƙofar mai da wadda aka ƙera da lamba, a duba launin buji bayan gwaji. In ya yi ruwan ƙasa an dace, in ya yi fari ko baƙi da saura.

Gyaran al'amarin yana hannun mutum uku. Na farko mai babur: ya sa cikin sharaɗinsa da yaro, gaban shaidu, cewa ba a taɓa matata da salansa, kuma ya riƙa buɗe akwatin iska da hannunsa yana dubawa. Na biyu makanikai, waɗanda ba wanda ke musun basirarsu. Mutanen da ke tayar da mataccen inji da kayan aiki kaɗan sun cancanci a koya musu dalilin abin da suke yi. Cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA na iya shirya musu horo na 'yan kwanaki kan kabureta da awon mai, cikin Hausa, a garuruwansu. Na uku hukumomin gari da shugabannin 'yan kabu-kabu: su zauna su tsayar da wa'adin mayar da salansa, a sanar a gidajen rediyon karkara, sannan a hukunta wanda ya ƙi, da takardar tara a hannu, don kada dokar ta zama wata ƙofar karɓar na goro a bakin hanya.

Hausawa sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Soson matata bai kai kuɗin lita biyu ba, wanke shi kuma bai wuce aikin minti goma ba. Sabon fistan da silinda kuwa sai an taɓa jarin kasuwa ko albashin wata.