Sayen Gidan Farko: A Duba Takarda Kafin A Duba Fenti

Babu wani ma'aikaci da ya taɓa zaman haya, mai gida ya aiko masa da takardar tashi ana tsakiyar damina, da ba ya kwana ya tashi da burin mallakar muhallinsa. Sai dai wannan ɗoki shi ne yake jefa da yawa daga cikinmu cikin asarar da ba ta gyaruwa. Wani abokin aikina ya tattara abin da ya tara a tsawon aikinsa ya sayi gidan gado a hannun babban ɗan mamaci, dillalai suka karɓi la'adarsu aka watse. Bai cika shekara a ciki ba sai ga ƙanwar mai sayarwar ta dawo daga garin aurenta, ta ce ba da yawunta aka yi ciniki ba. Har yanzu suna zirga-zirgar kotu, kuɗin kuwa tuni aka cinye.

A ganina, abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, abin da ake ba mutum kuwa izinin zama ne, galibi na shekara 99. Dokar ta kuma tanadi cewa ba a sauya mallakar irin wannan fili sai da amincewar gwamna. Saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta wadatar. A ɗauki lauya, a je ofishin rajistar filaye, kamar AGIS a Abuja, ko KADGIS a Kaduna, ko KANGIS a Kano, a tabbatar da sunan wanda ke kan takardar, a kuma gano ko an jinginar da gidan a banki. In awon igiya ne, a bincika ko an ci hanya ko filin makaranta, domin waɗanda suka ga rusau a Abuja tsakanin 2003 da 2007 sun san katafila ba ta tambayar nawa aka kashe. In gidan gado ne, sai an ga shaidar rabo daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza.

Na biyu, kada a yanke shawara da rani. A je unguwar a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, a duba gindin katanga, a tambayi dattawan wurin ko da can kududdufi ne aka cike da shara. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta isa darasi. A kuma koma da dare, a ga yanayin tsaro da wuta da irin mutanen da za a yi maƙwabtaka da su, tunda gini ana iya rushe shi a sake, maƙwabci kuwa ba a sauya shi.

Sai batun kuɗi. Ma'aikatan gwamnati da yawa ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, amma ba su taɓa bin sawun haƙƙinsu ba. Tun 2022 kuma an ba mai asusun fansho damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ba a matsayin kafin alƙalami na bashin gida. Wanda ke gudun riba yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci, waɗanda Jaiz ya buɗe wa hanya a 2012. Ko ta ina kuɗin ya fito, a ware na lauya, da na la'ada, da na rajista, da na gyara, domin farashin da dillali ya faɗa ba shi ne ƙarshen lissafi ba.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan uwana ma'aikata da mu daina auna gidanmu na farko da idon jama'a. Ɗaki biyu da falo mai cikakkiyar takarda ya fi bene mai shari'a a kai. Allah Ya ba mai nema, Ya kuma sa albarka ga wanda ya samu.